Kunnen da Ya Rage wa Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin inji na wata masana'antar ƙanƙara da ke bakin gari. Taga ɗaya ce a ɗakin, ta gilashi mai kauri, tana kallon farfajiyar da ake loda motoci. A ciki akwai injinan sanyi uku a jere, kowanne ya kai girman ƙaramar mota, ga janareta a kusurwa. Bayan bango kuma akwai zarton da ake yanka ƙanƙara da shi. In ka shiga ɗakin nan, ba a kunne kaɗai kake jin ƙarar ba, har cikin haƙora da ƙashin ƙirji take shiga.

Da shara ya fara, yana saurayi. Tsohon da ke kula da injinan a lokacin shi ya koya masa yadda ake ɗora bakin sukudireba a jikin inji, a manna ƙotar a ƙashin bayan kunne, a yi shiru a saurara. Bayan 'yan shekaru Kawu ya daina buƙatar sukudirebar. Sai ya tsaya a tsakiyar ɗakin kawai, hannuwansa a baya, ya karkata kai, ya ce na biyu yana son giris, ko na uku bel ɗinsa ya saki. In aka buɗe, haka za a tarar. Shi ya sa ma'aikatan suke kiransa Bokan Inji. Ya taɓa gaya mini cewa kowane inji yana da ƙuginsa, can ƙasa-ƙasa, kuma kwanaki kafin ya lalace ƙugin yakan ɗan canja, kamar numfashin mutumin da zazzaɓi ke shirin kamawa. Wannan canjin shi ne aikinsa. Sauran duk kowa zai iya.

Kariyarsa duk tsawon shekarun nan auduga ce. Kowace safiya zai yagi kaɗan daga dunƙulen da matarsa, wadda muke kira Iya, take ajiye masa a kan kantar ɗaki, ya murza ta tsakanin yatsu, ya tura a kunnuwa biyu. Kunnen dama ya mutu tun ina makarantar sakandare. Ba ranar da za a ce ga ta; a hankali ya tafi, har wata rana ya kara waya a wajen ya ce wayar ta lalace.

Na yi shekara shida ina karatu a wata ƙasa mai nisa. Da na dawo na je gaishe shi, na tarar rediyonsa tana magana da ƙarfin da tun daga bakin titi ake jin ta. 'Yarsa ta ƙarshe, Auta, taubashiyata, ita ta buɗe mini ƙofa.

"A'a, mai digiri ya tuna da talakawa," in ji ta. "Shigo, amma ka tattaro muryarka duka. Wannan raɗa-raɗar da kuka koyo a can ba ta aiki a gidan nan."

Bayan mun gaisa da Kawu ta ja ni gefe ta nuna mini wata takarda daga asibitin kunne. Layi biyu ne a zane. Na dama yana kwance a can ƙasa. Na hagu ya fara daga sama sannan ya gangara kamar tudu. Likitan ta yi mata bayani cewa siraran sautuka sun fara ɓace masa, irin kukan tsuntsu da muryar mata da yara, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta ce in ya ci gaba da zama cikin wannan ƙara da auduga kawai, na hagun ma zai bi ɗan'uwansa.

"Ya bar aikin mana," na ce.

"Je ka gaya masa. Ni na gaya masa, kwana uku bai kula ni ba."

Ban gaya masa ba. Maimakon haka na rubuta wa wani abokin karatuna da zai dawo a watan da ke biye, na ce ya taho mini da marufin kunne irin na zamani, wanda ake cewa yana kashe ƙara da kansa. Na ga ma'aikatan filin jirgin sama da irinsa a can, na kuma karanta yadda yake aiki. Ƙoƙuna biyu ne masu soso a baki, da maɗauri a bisa kai. A jikin kowane ƙoƙo akwai ƙaramin makirufo da ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ciki ta ƙirƙiro kishiyar wannan ƙarar ta sako ta, su haɗu su shafe juna kafin su kai dodon kunne. Abin ya burge ni ƙwarai. Har yanzu yana burge ni, in faɗi gaskiya.

Ranar da na kai masa, ya juya shi a hannu ya daɗe yana dubawa, ya latsa soson da babban yatsa.

"Wannan ai na matuƙan jirgi ne. Ni ina zan tashi?"

"Sa ka ji, Kawu."

Maƙwabcinsu yana da ƙaramin janareta da ke aiki a lokacin. Na kai shi jikin katanga, na cire masa hula don soson ya manne sosai, na ɗora masa marufin, sannan na danna maɓallin. Wata 'yar koriyar fitila ta kama. Na ga fuskarsa ta canja. Ya juya da sauri ya leƙa ta kan katangar don ya ga ko janaretan ya mutu. Yana nan yana hayaƙi. Ya fizge marufin daga kansa.

"Innalillahi. Ina ƙarar ta tafi?"

Auta tana dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi dariya ba. Ya ce shirun bai yi masa daɗi ba, kamar an rufe shi a rami. Iya ta ce masa gara shirun da zai iya cirewa in ya ga dama. Ya dube ta, ya miƙo mini kai na sake sa masa.

A nan na yi masa bayanin da na ɗauka ya isa. Na ce ya bar auduga, ba ya buƙatarta kuma. Na ce ya riƙa yi masa caji kullum. Na nuna masa fitilar na ce, "Ka ga wannan? Kullum ka tabbatar tana kunne. In ta mutu, ba ya aiki." Haka na faɗa, da bakina, har sau biyu, da ƙarfi don ya ji.

Washegari na bi shi masana'antar, domin ina son in ji da kunnena iyakar abin da marufin zai iya. Na sa marufin a kaina a ɗakin injin na kunna. Ƙugin injinan, wannan mai girgiza ƙirji, ya ja da baya kamar an tura shi gidan maƙwabta. Amma ba komai ya tafi ba. Da aka tada zarton a bayan bango, tsuwarsa ta ratso, ta rage kaifi amma tana nan. Da wani ya yar da kwanon ƙarfe da ake daskarar da ruwa a ciki, na ji faɗuwarsa sarai. Na gane abin da na karanta: na'urar gwana ce a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canjawa, domin tana samun sararin bin ta. Siririyar ƙara da ta ba-zata kuwa sun fi ta sauri; su ƙoƙon da soson ne ke tare su, ba wutar ba. Na kuma lura da na sa tabarau, ƙafar tabaran ta ɗaga soson kaɗan, ƙarar ta ƙaru nan take. Na rubuta duk wannan a ɗan littafina. Abin da ban yi ba shi ne in tsaya in tambayi kaina wace ƙara ce Kawu yake ci da ita.

Dogo, mai yankan ƙanƙara, ya leƙo ya ga Kawu da ƙoƙuna a kai.

"Boka, yau kuma aljanun ta waya za su riƙa kiran ka?"

"Me ya ce?" Kawu ya tambaye ni.

"Ya ce ya yi maka kyau."

"Ƙarya kake. Dogo bai taɓa faɗin alheri ba tun da aka haife shi."

Manajan ma ya zo ya gwada, ya yaba, ya ce dama masu duba lafiyar ma'aikata sun daɗe suna damunsa a kan ɗakin nan. Ya ce daga yau doka ce, kada ya leƙo ta taga ya ga Boka babu wannan abu a kai.

Makonnin farko sai godiya. Iya ta ce ya daina dawowa da ciwon kai, har yakan zauna a yi hira da shi bayan la'asar. Na ji daɗi, na shiga neman aikina, na rage zuwa.

A mako na shida injin na biyu ya tsaya. Boris ɗinsa ne ya ci, wato ƙwallayen ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansu, ya yi zafi har ya narke giris. Kawu yana tsaye taku huɗu daga wajen bai sani ba. Dogo ne ya ji ƙauri daga bayan bango ya rugo ya kashe. Kwana tara ana gyara, ƙanƙarar da ke ajiye rabi ta zama ruwa. A shekara talatin da ɗaya ba a taɓa yin haka a hannunsa ba. Auta ce ta ba ni labari, ta ce manajan bai yi faɗa ba, sai dai ya dafa kafaɗar Kawu a gaban mutane ya ce, "Ba komai, Baba, girma ne." Ta ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Na je na yi masa jaje. Ya ce ƙaddara ce. Marufin yana kan tebur a jikin caji, fitilarsa tana walƙiya. Na tambaye shi ko yana sawa, ya ce kullum. Na gaskata, kuma gaskiya ya faɗa.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, waɗanda in ka ɗauki kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Iya ta ce butar shayi ta yi ta yin fito a kan wuta yana zaune kusa da ita har ruwan ya ƙone. Ya fara tambayar ko akwai gyare a ɗakin, ya sa aka janye gado aka share, ba a ga komai ba. Ya ce yana jin sa, ba ya yin shiru. In Auta ta yi masa magana sai ya zuba wa leɓɓanta ido. Wata rana ina gaishe shi ya amsa mini da "Amin". Na ce a raina tsufa ne ke tafiya da abinsa, tunda ai an riga an tare ƙarar. Dunƙulen audugar yana nan a kan kantar ɗakin, ya yi ƙura.

Wata huɗu bayan tsayawar injin, hanya ta bi da ni ta wajen masana'antar da tsakar rana, na ce bari in leƙa shi. Ban shiga ta ƙofa ba, na tsaya a farfajiya na duba ta tagar. Yana tsakiyar ɗakin, hannuwa a baya, kai a karkace. Maɗaurin yana bisa kansa, koriyar fitilar tana kunne a ƙoƙon dama, wanda ke kallon tagar. Sai ya juya zai nufi injin na uku, na ga ɗaya gefen. Ƙoƙon hagu yana ture a bayan kunne, a kan ƙashi. Kunnen a buɗe yake, ko auduga babu. A daidai lokacin Dogo ya tada zarto, gilashin da nake jingine da shi ya ɗauki rawa. Kawu ko ƙyaftawa bai yi ba.

Ya rufe mataccen kunnen da kyau, ya bar mai ran a waje.

Na shiga na kama hannunsa na fito da shi bayan ginin, inda tankin ruwa yake, inda za mu iya jin juna.

"Kawu, tun yaushe?"

"Me?"

"Tun yaushe kake ture shi haka?"

Bai yi musu ba. Ya ce tun ranar da aka tada na biyu bayan gyara.

"Abin nan naka yana da kyau," ya ce. "Ba na kushe shi. Amma ɓarawo ne. Abin da nake saurare shi yake ɗauke mini, ya bar mini tarkace. Ina jin cokali ya faɗi, ba na jin inji yana ciwo. To me aka ajiye ni in yi a ɗakin?"

"Da ka cire ka koma audugarka."

"Manaja yana leƙowa. In ya ga fitila sai ya wuce. Kuma kai ka ce in bar auduga." Ya taɓa kunnen hagu. "Na ma gwada ta kwanaki. Yanzu ta yi mini yawa. In na sa ba na kamo komai."

Sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Ba a buƙatar wutar kafin ƙoƙon ya yi aiki. In an kashe maɓallin, soson da murfin suna nan suna tare tsuwar zarto da buge-bugen ƙarfe fiye da yadda auduga za ta taɓa yi, ƙugin mai kauri kuma ya fi samun hanyar ratsowa, domin shi ne abin da murfi kaɗai bai iya tarewa sosai. Da ya rufe kunnuwan biyu ya kashe fitilar, da wataƙila ya samu duka biyun, kariyar da kuma injinansa. Ni ne na ce masa in fitilar ta mutu ba ya aiki.

Na gaya masa. Sai da na maimaita sau uku, ba don bai fahimta ba. Muka koma ciki, na gyara masa ƙoƙon hagu ya zauna daidai, na kashe maɓallin. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Ya rufe ido. Ya matsa kusa da na ɗaya, ya koma na biyu. Ya daɗe. Dogo ya leƙo zai yi tsiyarsa, ya ga fuskokinmu, ya koma.

Kawu ya buɗe ido ya girgiza kai. Ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Ina jin suna aiki. Ba na jin yadda suke."

Ya sa yatsa ya ture ƙoƙon baya, ya kunna fitilar, ya juya ga aikinsa.

Da ƙyar Auta ta shawo kansa muka koma asibitin kunne a ƙarshen makon. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai bango mai laushi, aka ba shi maɓalli, aka ce duk lokacin da ya ji sauti ya danna. Muna zaune a bayan likitan muna ganinsa ta gilashi. Tana sakin sauti, ba ya dannawa. Ta ƙara ƙarfi, ba ya dannawa. Wani lokaci kuma hannunta ba ya kan na'urar sam, sai ya danna, ya dube mu yana murmushi, shi a ganinsa ya ci. Gyaren da ke cikin kansa yake amsawa. Auta ta sunkuyar da kai.

Likitan ta ɗora sabuwar takardar a kan tsohuwar ta ɗaga su ga haske. Layin hagu ya sauko, wajen siraran sautuka ya kusa taɓa na dama. Ta ce ba ta saba ganin faɗuwa irin wannan cikin watanni kaɗan ba, ta tambaya ko wani abu ya fashe kusa da shi. Na gaya mata abin da ya faru, ban rage nawa laifin ba. Ta juya ga Kawu, ta matso da kujerarta, ta yi magana a hankali tana buɗe baki sosai. Ta ce abin da ya rage kaɗan ne, kuma in ya koma ɗakin nan da kunne a buɗe, shi ma zai tafi. Ta ce akwai na'urar taimakon ji da za a iya gwada masa, amma sai in akwai abin da za ta taimaka.

Ya saurara yana gyaɗa kai. Tambaya ɗaya ya yi.

"Likita, mai kaurin fa? Irin ƙugi haka. Shi ma ya tafi?"

Ta duba takardar. Ta ce shi ne ya fi saura, yawanci shi ke tafiya a ƙarshe.

"To, alhamdu lillahi," in ji Kawu. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

A hanyar komawa ina tuƙa motata, yana gaba kusa da ni, Auta tana baya. Da muka tsaya a mahaɗa muna jiran hannu, sai ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan allon gaban motar, ya karkata kai.

Auta ta turo kanta tsakanin kujerun, bakinta bai fi taƙi ɗaya daga kunnensa ba.

"Baba, ba za ka koma ba ko? Ka ji abin da ta ce."

Bai juyo ba.

"Baba. Don Allah. Ranar Litinin ba za ka je ba ko?"

Na dubi fuskarsa don in ga ko share ta yake yi. Ba share ta yake yi ba. Bai san ana magana ba.

"Motar nan taka," ya ce mini, hannunsa yana nan a kan allon, "akwai abin da ke bugawa a ƙasa in ta tsaya. Ba yau za ta ba ka matsala ba, amma kada ka yi doguwar tafiya da ita. Ka kawo mini ita wurin aiki ranar Litinin da hantsi, in na gama zagayen injina sai in saurare ta da kyau."

Aka ba mu hannu. Na bayanmu ya danna hon, na ja motar.